Maƙalewar Kuɗi A Waya Ranar Kasuwa: Yadda Kwamfutocin Haya Ke Ƙaruwa Da Raguwa Da Kansu

Daga Tanut

Duk wanda ke cin kasuwannin Damargu, tun daga Tanut zuwa Belbeji da Gangara da Bakin Birji, ya san cewa a ƴan shekarun nan wani babban kaso na ciniki ya koma cikin wayar salula. Dillalin da ya sayar da raguna ba ya son cusa jikkuna a aljihu ya kama hanyar Damagaram da dare, mai sayen gero daga Agadas turo kuɗinsa yake yi kafin a ɗora buhu a mota, haka ma uwargidan da ɗanta ke ci-rani a Arlit ko Libiya, saƙon waya take jira ta je ta karɓi aikenta. Ga Airtel Money da Moov Money, ga kuma gidajen aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana.

Sai dai abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya shi ne, a ranar da aka fi bukatar abin ya yi aiki, ranar ce yake ɗaukar nauyi. Masu saurare kan bugo mana waya a gidan rediyo da wannan kuka, musamman a jajibirin Sallar Layya da lokacin kaka da kuma ƙarshen wata: an cire kuɗi daga wannan ɓangare, ba su isa wancan ba, mai kaya ya riƙe kayansa, mai mota kuma yana ta danna oda zai tashi.

Wurare uku da kuɗi ke tsayawa

Yawancinmu da zarar haka ta faru sai mu ce "babu rezo". To amma ba kullum ne laifin rezo ba. Kuɗin da aka tura ta waya na iya tsayawa a wuri uku. Na farko shi ne eriyar garin, wadda kan cika idan mutane suka yi yawa, ko ta mutu idan wuta ta ɗauke kuma injin bai tashi ba. Na biyu shi ne wajen wakilin da ke biyan kuɗin, domin in tsabar da ke hannunsa ta ƙare, ko saƙo ya iso sai an jira. Na uku kuwa, wanda ba ma ganinsa da ido, shi ne babbar kwamfutar kamfanin da ake kira saba, wadda ke riƙe da littafin lissafin kowa. Ita ce ke duba ko kana da kuɗin, ta cire daga asusunka, ta zuba a na abokin cinikinka, sannan ta aiko muku da saƙo.

Kowace saba tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka a lokaci guda, tamkar mai awo ɗaya da tiya ɗaya. In mutum goma ne a gabansa, zai sallame su cikin natsuwa. In ɗari biyar suka taso masa, sai layi ya yi tsawo, wasu su gaji su tafi, wasu kuma lissafinsu ya rikice. A kan wannan wuri na uku ne bayaninmu na yau zai tsaya.

Daga saye zuwa haya

A da, kamfanin da ke son yin irin wannan aiki dole ne ya sayi sabobinsa, ya gina musu ɗaki mai sanyi, ya tanadi injin wuta da masu gadi. Matsalar ita ce, in ya saya daidai da cinikin ranakun da ba kasuwa, ranar cunkoso sai su gaza. In kuma ya saya daidai da jajibirin Sallah, sauran kwanakin shekara suna zaune suna shan wuta a banza.

A watan Agustan 2006 kamfanin Amazon na Amurka ya fara ba da hayar sabobi ta intanet da sunan EC2, ana biya gwargwadon awannin da aka yi amfani da su. Dabarar ita ce a ɗauki ƙatuwar kwamfuta guda a rarraba ƙarfinta gida-gida, kowane kaso ya riƙa aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, kamar yadda ake yanka babban shago a fitar da rumfuna a ba ƴan haya daban-daban, kowa da makullinsa. Wannan tsari ne masana ke kira gajimare, ba don yana sama ba, sai don mai haya bai damu da sanin ɗakin da na'urar take ba. Microsoft ya buɗe nasa mai suna Azure a 2010, Google ma ya biyo baya.

A watan Mayun 2009 Amazon ya ƙara wani abu da ya sa wa suna Auto Scaling, wato sabobin su riƙa ƙaruwa da kansu idan aiki ya yi yawa, su kuma ragu da kansu idan ya lafa, ba tare da an tashi wani ma'aikaci daga barci ba. Daga 2017 kuma ya fara lissafin haya da daƙiƙa ga yawancin irin waɗannan sabobi, maimakon awa cikakkiya.

Mutanen Damargu ba baƙin wannan hikima ba ne. Mai tuwon sayarwa tukunya biyu take ɗorawa a ranakun banza, ranar kasuwa ta ɗora shida ta kira ƴan aiki na wuni ɗaya, da yamma ta biya su kowa ya kama gabansa. Shugaban tasha ba ya jera motoci goma a layi ranar da fasinja ba su da yawa. Bambancin kawai shi ne a nan na'ura ce ke duba yawan jama'a ta yanke shawara cikin mintoci.

Lissafin da ɗan kasuwa zai gane

Mu ɗauki misali kawai, ba farashin wani kamfani ba. A ce hayar saba ɗaya sefa 50 ce a awa, kuma wata manhajar ciniki tana bukatar sabobi 10 a ranar kasuwa, amma 2 sun ishe ta a sauran kwanaki. In aka bar goman a kunne dare da rana na kwana 30, awa 7,200 ke nan, kuɗinsu jika 360. In kuwa aka bar biyu a kunne kullum, awa 1,440 ke nan, sannan a ƙara takwas na awa 10 a ranakun kasuwa huɗu na wata, wato awa 320. Jimilla awa 1,760, kuɗinsu jika 88. An tsira da jika 272, kuma ba a kori mai ciniki ko ɗaya ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da ya faru a Najeriya

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Dawanau a Kano da kasuwar dabbobi ta Maigatari ba za su manta da farkon shekarar 2023 ba. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Aka janye tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba, sai miliyoyin mutane suka koma tura kuɗi ta waya a lokaci guda, har da mai kayan miya da mai shayi. Manhajojin bankuna da dama suka riƙa sarewa, kuɗi na kwana a hanya, ciniki ya tsaya a kasuwanni, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. A wannan tsakanin ne kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka samu ɗimbin sababbin masu hulɗa, domin jama'a sun lura cewa nasu ya fi saurin wucewa. Darasin a fili yake: ɗan kasuwa ba ya tambayar sunan na'ura, wanda ya biya shi a kan lokaci shi yake bi.

Yadda ake farawa

Yanzu haka matasa masu ilimin kwamfuta na zuwa wa ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi da tayin yi musu manhajar rubuta bashi, ko ta sanar da farashin gero da wake, ko ta karɓar oda. Ga matakan da mai irin wannan aiki ke bi, domin shugabannin ƙungiya su san abin da za su tambaya kafin su sa hannu a takarda.

Da farko ana buɗe asusu a wajen kamfanin haya, a zaɓi yankin da sabobin za su zauna. Kusanci na da amfani, domin saƙo ya fi saurin zuwa ya dawo. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a birnin Kef Tawun a 2020, Google kuma a Johannasbag a 2024. Da yawa daga ƙasashenmu na yammacin Afirka kan zaɓi na Turai, irin na birnin Paris.

Na biyu, ana shirya saba guda ɗaya tsaf da duk abin da take bukata, a ajiye ta a matsayin samfuri. Duk sabuwar da za a kunna daga wannan samfurin za a kwafo ta, kamar yadda maƙerin bulo ke amfani da ma'auni ɗaya.

Na uku, ana faɗa wa tsarin lambobi uku: mafi ƙarancin sabobin da za su kasance a kunne, mafi yawan da aka yarda a kai, da adadin da ake so a fara da shi. Masu hankali ba sa barin mafi ƙaranci ya gaza biyu, a ɗakuna biyu daban, don in ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe aiki.

Na huɗu, ana sa mai raba layi a gaba. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha: duk saƙon da ya shigo sai ya tura shi wajen sabar da ba ta cika ba, in kuma ya ga wata ta daina amsawa sai ya daina tura mata, tsarin ya kashe ta ya kunna sabuwa a madadinta.

Na biyar shi ne dokar ƙari da ragi. Ana iya cewa in nauyin aiki ya wuce kashi 60 cikin 100 a ƙara, in ya sauka a rage. Ana kuma iya sa doka ta agogo, wadda ta fi dacewa da mu: tunda an san ranar kasuwa da ranar albashi da jajibirin Sallah, sai a umarci tsarin ya ƙara sabobi tun da asuba. Dalili shi ne sabuwar saba kan ɗauki ƴan mintoci kafin ta shirya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙarshe, a gwada da cunkoson ƙarya kafin ranar gaske, a kuma sa ƙararrawar kuɗi da za ta yi gargaɗi in haya ta kusa wuce abin da aka ware.

Inda gizo ke saƙa

Wannan tsari ba maganin kowace cuta ba ne. Ba ya gyara eriya, ba ya kawo wuta, ba ya kuma zuba tsaba a akwatin wakili. Sannan ko an ƙara masu awo ashirin, in littafin bashi guda ne kuma marubuci ɗaya, layi zai koma wajensa. Haka rumbun lissafi yake, shi ba ya ƙaruwa cikin sauƙi kamar sauran, sai an yi masa nasa tanadi. Akwai kuma batun biya: da dalar Amurka ko Yuro ake biyan haya ta katin banki, kuma in ba a sa iyaka ba, ɓarayin intanet ko kuskuren mai haɗa manhaja na iya sa sabobi su yi ta ƙaruwa, a wayi gari da bashin da ya fi jarin ƙungiya.

Manyan ma kan faɗi. Ranar 20 ga Oktoban 2025 cibiyar Amazon da ke jihar Bajiniya a Amurka ta samu tangarɗa, manhajoji da dama a duniya, har da na wasu bankunan Ingila, suka tsaya na awanni. Shi ya sa ƙasashe ke son lissafin jama'arsu ya zauna kusa da gida. Kenya, inda M-Pesa ta fara a 2007, sai a 2015 aka dawo da sabobinta gida daga Jamus. A nan Nijar, aikin shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗinsa a 2016, ya haɗa da layin Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, da kuma gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai. Tun 2017 kuma ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutane, saboda haka ƙungiyar da za ta tattara sunaye da lambobin membobinta tana da haƙƙi a wuyanta.

Shawara ga ƴan kasuwa

In kuɗi suka maƙale, kada a yi ta sake turawa, domin kowane dannawa ƙarin kaya ne a kan sabar da ta riga ta gaji, kuma ana iya cire kuɗin sau biyu. A ajiye saƙon da lambar shaidar da ke cikinsa, ko takardar da wakili ya bayar, da ita ake bin sawu. Kada mai kaya ya saki kayansa don an nuna masa hoton saƙo a wayar wani, sai ya ga kuɗin a nasa asusun. Babban biya, irin na raguna ko na mota guda ta gero, a yi shi da sassafe ko kwana ɗaya kafin kasuwa. A riƙe hanya biyu ta karɓar kuɗi, da ɗan abin canji a hannu.

Ƙungiyar da aka kawo wa tayin manhaja kuwa ta tambayi mai ita abu huɗu: mutum nawa za ta ɗauka a lokaci guda, nawa ne iyakar haya a wata, a wace ƙasa sunayenmu za su zauna, kuma da sunan wa aka buɗe asusun? Wannan ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin wanda asusun ke hannunsa shi ke riƙe da makullin shago. A tabbata da sunan ƙungiya aka buɗe, kuma mutum biyu amintattu sun san lambar sirri.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kare mu daga asara.