Koyon Aiki a Ƙasar Waje: Abin da Ya Kamata Iyaye da Ɗalibai Su Sani

Saƙonni na yawo a WhatsApp da Facebook cewa ana neman matasa da za a kai Turai ko wata ƙasa su koyi aikin gudanar da ayyuka, a riƙa biyansu. Wasu daga cikin irin waɗannan damammaki na gaskiya ne, wasu kuma tarko ne. Wannan bayani zai taimaka wa iyaye da ɗalibai su bambance biyun tun kafin a kashe ko sisi, ko a miƙa wa wani takardu.

Mene ne gudanar da ayyuka?

A ɗauki misalin haƙa rijiyar burtsatse a sansani. Aikin yana da ranar farawa da ranar gamawa, yana da kuɗin da aka ware masa, yana da mutanen da za su amfana. Dole a samu wanda zai tsara abin da za a fara yi da abin da zai biyo baya, ya san ranar da siminti da bututu za su iso, ya zauna da shugabannin unguwanni kan wurin da za a haƙa, ya lura kada kuɗi su ƙare aiki bai ƙare ba, sannan ya rubuta rahoto ga waɗanda suka ba da kuɗin. Wannan shi ne mai gudanar da aiki. Ƙungiyoyin agaji, kamfanonin gine-gine, asibitoci da ma'aikatun gwamnati duk suna buƙatar irinsa.

Ana koyar da wannan fanni a jami'a, amma karatun aji kaɗai ba ya isa. Shi ya sa ake tura ɗalibi wani kamfani ko ƙungiya na wasu watanni ya zauna ƙarƙashin ƙwararre don sanin makamar aiki. A Najeriya ɗalibai na kiran wannan IT, a ƙasashen da ake Faransanci kuma stage. A lokacin ɗalibi zai riƙa rubuta abin da aka tattauna a taro, ya bi jadawalin aiki a kwamfuta, ya haɗa rasitai, ya taimaka wajen rubuta rahoto. Babbar ribar ita ce takardar shaida da yake samu a ƙarshe, da sanin mutanen da za su iya tsaya masa idan ya zo neman aiki.

Ta ƙofar makaranta ake shiga

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci. Kusan kullum sai mutum yana ɗalibin jami'a, ko bai daɗe da kammalawa ba, ake ɗaukarsa koyon aiki a waje. Wanda ya ce zai kai yaron da bai gama sakandare ba ya koyi gudanar da ayyuka a Turai, a yi hattara da shi.

Ga wasu hanyoyi da aka sani:

DAFI. Tallafin karatu ne da gwamnatin Jamus ta kafa a 1992, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR ko HCR, ke tafiyar da shi. Galibi yana ɗaukar nauyin digirin farko ne a ƙasar da mutum ke gudun hijira.

UNICORE. Jami'o'in Italiya da UNHCR suka fara shi a 2019 don 'yan gudun hijira masu digirin farko su yi digiri na biyu a can. Ƙasashen da ake ɗauka daga cikinsu na sauyawa shekara-shekara, don haka a duba sanarwar shekarar.

UNIV'R. Irin wannan shiri ne na Faransa, ga waɗanda suka iya Faransanci kuma suna da digirin farko.

Erasmus+. Shirin Tarayyar Turai ne. Ɗalibin da ke karatu a jami'ar da ke cikin shirin na iya samun tallafin zuwa koyon aiki a wata ƙasa, yawanci daga wata 2 zuwa wata 12.

Guraben ba su da yawa, masu nema kuma suna da yawa. UNHCR ta sa burin cewa kafin 2030 kashi 15 cikin 100 na matasa 'yan gudun hijira su samu shiga manyan makarantu.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa

A Faransa, ba a fara koyon aiki sai an sa hannu kan yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku: ɗalibi, makarantarsa, da wurin aikin. Zaman ba ya wuce wata 6 a wuri ɗaya cikin shekarar karatu guda. Idan ya haura wata 2, dole a biya ɗalibi alawus. A 2024 mafi ƙaranci shi ne Yuro 4.35 a awa, kusan jika uku na sefa. A nan kuɗin na da yawa a ido, amma a can haya da abinci da kuɗin mota ke cinye shi. Kada iyali su sa rai cewa ɗalibi zai riƙa aiko da kuɗi gida a wannan lokaci.

A Jamus, ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai na da izinin aiki na kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara. Koyon aikin da jami'a ta wajabta ba ya shiga wannan lissafi, amma kuma doka ba ta tilasta a biya shi mafi ƙarancin albashi ba. Wanda ya zarce iyakar izininsa na iya rasa takardar zamansa.

Maganar takardun tafiya

A nan ne ɗan gudun hijira ya bambanta da sauran ɗalibai. Sashe na 28 na Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ya tanadi takardar tafiya ta musamman, wadda gwamnatin ƙasar da ta ba ku mafaka ke bayarwa. A kanta ake buga biza, kuma da ita ake dawowa muddin wa'adinta bai ƙare ba. A tabbatar wa'adin ya zarce tsawon zaman da za a yi.

Kada ɗalibi ya je ya karɓi fasfo na ƙasar da ya gudo daga cikinta ba tare da ya nemi shawara ba. Sashe na 1C na wannan yarjejeniya ya ce wanda ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa da ra'ayin kansa na iya rasa matsayinsa na ɗan gudun hijira, kuma ana iya ɗaukar karɓar fasfo a matsayin hakan. A zo ofishin kariya a yi tambaya tukuna.

Alamomin tarko

A watan Oktoba 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton 'yan mata daga ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya, Uganda da Kenya, waɗanda tallace-tallacen intanet suka ja zuwa Alabuga a Rasha da alkawarin karatu haɗe da aiki. Da suka isa sai suka samu kansu a masana'antar harhaɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi. A kula da waɗannan alamomi:

1. An ce a biya kuɗin fom, kuɗin gurbi ko na dillali. Duk ayyukan UNHCR kyauta ne.
2. Babu sunan jami'a, babu yarjejeniya a rubuce.
3. An ce a tafi da bizar yawon buɗe ido, ko a bi ta hamada, wai a can za a gyara takardu.
4. Ana gaggawa, ana cewa kada a faɗa wa kowa.
5. An nemi a riƙe katin shaida ko takardar tafiya.
6. Ba a tambayi sakamakon jarrabawa ba, shekaru da hoto kawai aka nema.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Iyaye su bar yara maza da mata su kammala sakandare, domin duk hanyoyin da aka ambata daga nan suke farawa. A adana takardun sakamako a cikin leda, a ɗauki hotonsu a waya. Ɗalibi ya dage da Faransanci ko Turanci, ya koyi Word da Excel. Ya shiga aikin sa kai a kwamitin ruwa, makaranta ko wurin rabon kaya, ya roƙi a ba shi takardar shaida, domin masu tantancewa na duba irin wannan.

Duk wanda aka yi wa tayin tafiya, ya kawo saƙon ko takardar ofishin kariya ko teburin ilimi a duba masa kafin ya amsa. Ba a biyan komai, kuma ana riƙe sirrin wanda ya zo.