Totuwa da Balsa: Matsayin Nauyi a Ƙirar Jirgin Wasa

Bayan girbin dawa, yaran Taura a masarautar Ringim kan fere kara, su yanka totuwarsa, su sossoke ta da tsinkayen ɓawo, su tayar da mota ko jirgin sama. Rashin nauyi ne ya sa ake zaɓen totuwa, shi ne kuma ya sa masu harhaɗa ƙananan jiragen rimot suka rungumi balsa, katakon da akasarinsa daga Ekwado yake fitowa.

Sai dai jirgin kara siffa kawai yake kwaikwayo. Na balsa kuwa tashi ake so ya yi. Don haka wajibi ne nauyinsa ya daidaita tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffike daga gaba, abin da ake gwadawa ta ɗora shi bisa yatsu biyu. Idan aka tsawaita jela ko aka matsar da batir baya ba a sake aunawa ba, hanci zai ɗaga, iska ta kuɓuce wa fiffike, jirgin ya rikito.