Gargaɗi ga ƙananan ƙungiyoyin tseren dawaki mai dogon zango

Masu dawaki, a saurara. Duk ƙaramar ƙungiyar mahaya da aka nemi ta mara wa manyan gasannin duniya baya, da kuɗin 'ya'yanta, ko sunanta, ko dawakinta, to ta dakata tukuna. Kada shugaba ya sa hannu a takardar kowa sai an kira taro an karanta wa mutane abin da ya faru a wannan wasa.

Wannan tsere ya sha bamban da sukuwar da muka sani. Har kilomita 160 ake yi a yini guda a kan doki ɗaya. Asalinsa a Amurka, gasar Tevis da aka fara a 1955, ta cikin duwatsu take bi, kuma abin alfahari shi ne mutum ya iso da dokinsa lafiya. Shi ya sa aka kafa zango-zango inda likitan dabbobi ke tare kowane doki. A sauke sirdi, a kwarara masa ruwa, likita ya kara na'ura a haƙarƙarinsa. In bugun zuciya bai sauko zuwa 64 a minti ba cikin lokacin da aka ƙayyade, an cire shi. Sai a ja shi ya yi sassarfa a gaban likita, in aka ga ɗingishi ko kaɗan, tafiya ta ƙare.

Da manyan kuɗi suka shigo, sai aka koma tseren gudu. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an share hanyoyi a cikin rairayi, motoci na bin dawaki, mahayi kan hau dokin da bai san halinsa ba. A Janairun 2015, a gasar Al Reef ta Abu Dhabi, wani doki mai suna Splitters Creek Bundy ya karye a ƙafafunsa biyu na gaba, hotonsa ya zaga duniya. 'Yar jarida Pippa Cuckson ta kuma bankaɗo tsere-tseren da aka rubuta sakamakonsu alhali ba a yi su ba, don dawaki su samu cancantar shiga manyan gasanni. A Maris na shekarar hukumar dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da ƙasar, daga baya ta kuma ɗauke gasar duniya ta 2016 daga Dubai zuwa Sulobakiya. Da gyaran ya kama, da ba a sake dakatar da ita a 2020 ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar kashe zafi. Ɗingishi ne kawai bakin da doki ke da shi na cewa ƙafarsa ta samu matsala. In aka kashe jijiyar, zai wuce gaban likita sumul, ya ci gaba da gudu a kan ƙashin da ya tsage har ya ɓalle. Wallahi wannan zalunci ne ga dabbar da ba ta iya kai ƙara.

Kada kuma a ce laifin yanki ɗaya ne. A gasar duniya ta 2018 a Tryon, cikin Amurka, an ɓatar da mahaya hanya tun daga farko, aka sake tseren, daga baya aka soke shi saboda zafi da yawan dawakin da suka galabaita. A 2019 ƙungiyar tseren dogon zango ta Amurka, AERC, wadda talakawan mahaya suka kafa a 1972, ta yanke alaƙa da hukumar ƙasarta da ke haɗa ta da FEI. Mutanen da suka raini wasan ne suka janye sunansu.

Na san akwai matasa masu burin ɗaga tutar ƙasarsu, kuma burin nasu halas ne. Wanda zai je ya je da ɗaukar nauyin kansa ko na mai tallafa masa. Kuɗin da mai doki ɗaya ya tara ya biya ƙungiya, na likita ne, da ruwa a hanya, da koya wa yara hawa.

Duk wanda ya zo neman goyon bayanku, ku nemi abu uku a rubuce: likitan da ba mai shirya gasa ke juya shi ba, gwajin jini da na jijiyar ƙafa, da bayyana sunan kowane dokin da ya mutu ko ya karye. In ya ƙi ko da ɗaya, ku mayar masa da takardarsa. Kuma kada ku sayar da doki ga dillalin da ya ƙi faɗa muku bargar da za a kai shi.