Tundurmi: Mai Lafiyar Ƙafa Ma Yana Iya Ɗauke da Tsutsar

A ƙauyukan Boɗinga da Shagari na Jihar Sakkwato, idan ƙafar mutum ta kumbura, fatarta ta yi kauri da kaushi, wasu kan ce sammu ya taka. Alhali tsutsa ce siririya kamar zare, likitoci na kiranta Wuchereria bancrofti, kuma sauron nan mai kawo zazzaɓi shi ke yawo da ita daga jiki zuwa jiki. Duk inda ruwa ke kwanciya, ko fadama ko gefen madatsar ruwan Shagari, sauro ya samu wurin hayayyafa.

Tsutsar takan yi shekara 6 zuwa 8 a hanyoyin da ruwan jiki ke bi, tana lalata su sannu a hankali, tana zuba miliyoyin 'ya'ya cikin jini. 'Ya'yan ba sa yawaita a jini sai da dare, daidai lokacin da sauro ke cizo. Sau da yawa tun yarinta ake kamuwa, kumburin kuwa sai an girma. Yawancin masu ɗauke da ita ma ƙafarsu ƙalau take har abada, kuma daga jikinsu sauro ke ɗiba ya kai wa maƙwabci.

Shi ya sa idan masu rabon magani suka shigo gida da sandar awon tsayi, kowa ake ba Mectizan da albendazole, ban da mai juna biyu, da ƙananan yara, da wanda ciwo ya kwantar. Magidancin da ya ce "ni lafiyata ƙalau" ya mayar da ƙwayar, a ganina, shi ke mayar da hannun agogo baya. Sau ɗaya ake sha a shekara, aƙalla shekara 5 a jere. A haka Filato da Nasarawa suka tsayar da yaɗuwar cutar, aka sanar a 2017, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Togo ta rabu da ita. A Jihar Sakkwato ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana tallafa wa aikin.

Ƙwayar dai ba ta saɓe ƙafar da ta riga ta kumbura. Abin da ke rage zazzaɓi da raɗaɗin da kan taso shi ne wanki da sabulu kullum, a tsane tsakanin yatsu, a riƙa ɗaga ƙafar, a sa takalmi.

Gwaiwa kuma, wadda tsutsar ke jawo wa maza, kunya ke sa a ɓoye ta shekaru cikin babbar riga. Tiyata ce ƙarama ke maganinta, cikin 'yan makonni mutum ya koma gonarsa.