Kalmar *pneuma* cikin Sabon Alkawari: tsakanin iska da ruhu

A wannan ƴar takarda za mu duba kalma guda ta Girkanci, watau *pneuma*, wadda ta fito fiye da sau 350 cikin Sabon Alkawari. Ta samo asali daga aikatau *pneo*, ma'ana hurawa ko busawa. Tun asali tana nufin iskar da ke motsi, da numfashin da ke shiga yana fita daga jikin mai rai. Masu falsafar Sitowa sun ɗauke ta a matsayin wani abu mai haɗe da iska da wuta wanda ya ratsa duniya duka yana riƙe da ita. Likitoci kamar Galen kuma sun yi amfani da ita wajen bayanin aikin jiki.

Amma marubutan Sabon Alkawari ba daga masu falsafa suka fi gadon kalmar ba. Tun daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya suka fara juya littattafansu daga Ibrananci zuwa Girkanci, kuma *pneuma* suka fi zaɓa a madadin *ruwah*, wadda ita ma ta haɗa iska da numfashi da ruhu. Ta haka kalmar ta ɗauki nauyin Ruhun Allah.

Inda matsalar ta fi fitowa fili shi ne Linjilar Yahaya, sura 3, aya 8, cikin zancen Yesu da Nikodimu. A farkon ayar *pneuma* ce ke busawa inda take so, ana jin motsinta ba a san inda ta fito ba. A ƙarshen ayar kuma ana maganar mutumin da aka haifa ta *pneuma*. Kalma ɗaya ce a wuraren biyu. Marubucin yana da *anemos*, kalmar yau da kullum ta iska, har ya yi amfani da ita a sura 6, amma a nan ya bar ta. A ganinmu da gangan ya yi, don mai saurare ya ji ma'anoni biyun tare. Fassarar Latin ta Vulgata ta iya riƙe *spiritus* sau biyu. Faransanci bai iya ba, dole ya raba *vent* da *Esprit*. Abin da ya rage masa na iskar sai cikin kalmomi irin su *pneu*, tayar mota.

To, Hausa fa? Da farko sai a ce mun yi sa'a, domin "iska" tamu ma tana da fuska biyu: wadda ke kaɗawa, da wadda ke hawa kan mutum, kamar yadda kowa ya san iskoki a bori, a Maradi ko a Gobir. Sai dai wannan kamar ita ce tarkon. Iskokin bori suna da yawa, kowane da sunansa da halinsa da abin da ake yanka masa, alhali nassin yana nufin Ruhu ɗaya. Ban da wannan, wanda ya ce an haifi mutum ta iska ya kusa ce masa ɗan iska, kuma babu Bahaushen da zai ji haka a matsayin yabo.

Shi ya sa fassarorin Littafi Mai Tsarki na Hausa, na 1932 da na 1979, suka tsaya kan "Ruhu", wadda aka aro daga Larabci. A Larabcin *ruh* da *rih* (iska) ƴan tushe ɗaya ne, dangin *ruwah* na Ibrananci, amma da kalmar ta shigo Hausa ta baro iskar a can. Ke nan mai karatu da Hausa yana samun ma'anar ayar daidai, sai dai ba zai gane cewa kalma ɗaya aka maimaita ba in ba an faɗa masa a ƙasan shafi.