FAIFAN GARMAHO DA MASHIGAR ALLURA

A zamanin da gyaɗa ke da daraja a ƙasar Kano, in kaka ta yi, manoman Dambatta da Bichi da Kunci suka kai amfaninsu kan sikeli suka karɓi kuɗi, a kan sami wani mai hali ya shiga birni ya sawo garmaho. Gidajen wannan ƙasa kuwa ba su da nisa da juna, gona na jikin gona, saboda haka kafin a yi sallar lisha labari ya gama unguwa, ƙofar gidansa ta cika da mutane. Mai gida ya kan wana garmahon da hannu, ya ɗaura sabuwar allura, ya ɗora faifai. Sa'an nan kowa ya yi tsit, don an zo wurin da ya fi wuya, watau sauke allura a bakin faifai cikin hasken fitilar ƙwai. In hannunsa ya yi rawa, ko dai allurar ta zame ta faɗa waje, ko kuwa ta tsallake farkon waƙa ta karce faifan. Faifai kuwa in ya karce, babu maƙerin da zai gyara shi.

An kira wannan abu faifai don ya yi kama da faifan da mata ke ɗinkawa da kaba. Kamar ba ta tsaya ga siffa kaɗai ba. Mai ɗinkin faifai ta kan fara daga cibiya, ta yi ta kewayawa da layi guda har ta kai baki. Haka nan a fuskar faifan garmaho akwai wani ɗan siririn kwari, kamar kwarin kunya, wanda ya naɗe ya yi ta kewayawa. Mai duba shi da ido zai zaci layuka ne masu yawa, amma guda ɗaya ne tak a kowace fuska. Bambancin kawai shi ne allura ta kan faro daga baki ta nufi cibiya.

Kwarin nan ba miƙaƙƙe ba ne sumul. Yana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe ƙanana waɗanda muryar mawaƙi ta zana lokacin da aka ɗauke ta. In faifai na juyawa, allura na bin su tana karkarwa. Karkarwar ta kan kaɗa wani ɗan falle mai kama da fatar kalangu, shi kuma ya kaɗa iska, sai kunne ya ji murya.

Wani mutumin Amurka mai suna Thomas Edison shi ya fara ƙera na'urar da ke kama magana ta mayar da ita, cikin shekarar 1877. Tasa ba ta da faifai, a jikin wani abu mai siffar gwangwani a ke zana muryar. A 1887 Emile Berliner, haifaffen Jamus mazaunin Amurka, ya fito da dabarar faifai shimfiɗaɗɗe. Daga baya aka riƙa yin fayafayan da wani irin ƙaro da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a itatuwan ƙasar Indiya. Irin wannan faifai yana juyawa sau 78 a minti guda, mai faɗin inci 10 kuwa waƙarsa ba ta wuce kamar minti 3 a fuska ɗaya. Yana da nauyi, in ya faɗi kuma sai ya fashe kamar tangaran.

Fayafayan farko ba su da wata hanya da aka yi wa allura. Bakinsu fili ne mai santsi, sai can ciki kaɗan kwarin waƙa ya fara. Mai garmaho ya kan aza allura a filin nan, ya tura ta da yatsa a hankali har ta faɗa kwari. Kan garmahon dā kuwa yana da nauyi, allurarsa ta ƙarfe ce mai tsini. Don haka tsofaffin fayafayai da yawa farkonsu ne ya fi lalacewa, ko da sauran jikinsu lafiya lau.

Abin da ya tilasta wa masu yin faifai su sake shawara shi ne, daga ƙarshen shekarun 1920 an fara sayar da garmaho mai canja faifai da kansa. A kan jera masa fayafayai, in ɗaya ya ƙare ya kawo wani, ya sauke allura ba da hannun mutum ba. To, inji ba shi da ido, ba shi kuma da yatsan da zai tura allura. Sai a cikin shekarun 1930 aka saba yanka wani kwari na musamman a bakin faifai, wanda babu sauti a cikinsa. Shi ne mashigar allura.

Ga yadda mashiga ke aiki. Ta kan faro daga can gefen faifai, ta kewayo da tazara mai faɗi, har ta haɗu da kwarin waƙa. In allura ta sauka a cikinta, shi ke nan. In kuwa ta sauka a kan tudun da ke tsakanin layi da layi, ba ta daɗewa a nan. Da ya ke faifan na juyawa, kwarin kuma naɗaɗɗe ne, layin da ke wajenta ya kan yi ta matsowa har ya iske ta, ta faɗa ciki kafin faifan ya cika kewaye guda. Daga nan kwarin ya ja ta, kamar yadda kwarin farko ke jan garmar shanu. Bayan mashiga a kan bar aƙalla kewaye guda shiru, don allura ta zauna daram kafin ganga ta fara.

Wannan aiki yana son awo ƙwarai. In aka bar wa mashiga wuri mai faɗi, an ci filin waƙa. In aka ƙuntata ta, inji zai kuskure ta. Saboda haka kamfanoni suka daidaita a kan ma'auni ɗaya, don faifan da aka buga a Ingila ya zauna a garmahon da aka ƙera a Amurka ko Jamus. A babban faifai mai inci 12, tsakanin gefe da farkon waƙa bai kai rubu'in inci ba. Ramin cibiya ma dole ya zauna a tsakiya sosai. In ya goce ko kaɗan, hannun garmaho zai riƙa lilo, murya kuma ta riƙa hawa da sauka.

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda ke ɗaukar fiye da minti 20 a fuska ɗaya. A 1949 kamfanin RCA Victor ya kawo ƙarami mai inci 7, mai juyawa sau 45. Kwarinsu ya fi na dā ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka karcewa ta fi yi musu ɓarna. Cikin shekarun 1950 sai aka riƙa yi wa babban faifan ɗan tudu a gefe, kamar bakin tire. Amfaninsa biyu ne. In an jera fayafayai, fuskokinsu ba sa gogar juna. Yana kuma tare allura kada ta faɗa waje. Amma shi ma sai da awo, gama in gangarensa ya yi yawa, allura ta kan sulalo da ƙarfi ta tsallake layin farko.

A ƙarshen waƙa akwai mafita. Kwarin ya kan buɗe tazara ya nufi ciki, ya ƙare a da'ira rufaffiya, allura ta yi ta kewayawa a nan ba ta hau takardar suna ba.

Ba kowane faifai ne ya faro daga baki ba. A farkon ƙarni na 20 kamfanin Pathé na Faransa ya yi waɗanda ke farowa daga ciki, kamar ɗinkin mata. Faifan CD da ya fito a 1982 shi ma daga ciki ya ke farawa, sai dai haske ne ke karanta shi maimakon allura. Duk da haka yana da tasa mashigar, inda aka rubuta yawan waƙoƙin da ke ciki da wurin da kowace ta fara.

A ƙasar Hausa kaset ya ture garmaho tun wajen shekarun 1970, yau kuma waya ta ture kaset. Amma har yanzu a kan sami tsofaffin fayafayai a ƙasan adaka, masu ɗauke da muryoyin mawaƙa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Wanda ya gaji irinsu ya kamata ya kiyaye su daga rana, don zafi na lanƙwasa su, ya rufe su daga ƙurar hunturu, ya riƙe su ta gefe. In zai sa, ya bari faifan ya fara juyawa tukuna, sa'an nan ya sauke allura a mashiga sannu a hankali, ya janye hannunsa. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta.

TAMBAYOYI

1. Ta wace hanya faifan garmaho ya yi kama da faifan kaba, ta ina kuma suka bambanta?
2. Me ya sa farkon tsofaffin fayafayai ya fi lalacewa?
3. In allura ta sauka tsakanin layi da layi, yaya ta ke shiga kwari?
4. Faɗi amfani biyu na tudun da ke gefen faifai.