Kora da Cike Gurbi: Abin da Ke Samun Makarantun Karkara

Korar ma'aikata da ɗaukar wasu a madadinsu abu ne da gwamnatocin Arewa suka sha yi, kuma makarantun firamare ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. A shekarar 2017 gwamnatin Kaduna ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufai ta yi wa malamai kimanin 33,000 jarrabawar cancanta, wato gwajin da ke auna ko malami ya san abin da yake koyarwa, inda aka yi musu tambayoyin 'yan aji huɗu, sannan ta sallami 21,780 da suka kasa samun kashi 75 cikin ɗari, ta kuma yi alƙawarin ɗaukar sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, sai dai babban darasin ya zo ne daga baya, lokacin da gwamnatin ta sake sallamar sama da 4,000 daga cikin sababbin da ta ɗauka, bayan ta gano su ma ba su cancanta ba.

A Kano lamarin ya zo da wata siga. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dakatar da albashin ma'aikata sama da 10,000 da gwamnatin tsohon gwamna Ganduje ta ɗauka a ƙarshen wa'adinta, ta kafa kwamitin tantancewa, wato masu binciken takardu da shekarun kowane ma'aikaci, wanda bayan aikinsa aka mayar da 9,332, aka sallami 3,234.

Waɗannan alƙaluma a birni ake karanta su, amma a garuruwa irin su Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi a jihar Kano ake jin nauyinsu. Idan aka cire malami ɗaya daga makarantar da dama malamanta ba su kai yawan azuzuwanta ba, shugaban makaranta ba shi da zaɓi illa ya haɗe aji biyu a ɗaki guda, ko ya damƙa wa babban ɗalibi alli ya riƙa rubutu a allo, alhali tsakanin takardar sallama da takardar kama aikin wanda zai maye gurbin ana iya cinye zangon karatu sukutum. Ko da sabon ya iso, idan ɗan birni ne da ba shi da masauki a garin, kuɗin mota kan cinye albashinsa, ba da jimawa ba sai ya shiga neman canjin wurin aiki, gurbin ya koma yadda yake. Wannan ne ya sa ɗaukar 'yan asalin yankin masu shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya, ya fi ɗorewa, muddin jarrabawa ce ta zaɓo su, ba takardar ɗan siyasa ba.

Saboda haka ya wajaba hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su kammala tantance mai maye gurbi, su kuma tabbatar ya amince da zama a garin, kafin su miƙa wa kowane malami takardar sallama.